Wayar ɗiyar Yayata: darasi a kan hoto, buri da rigar aro

'Yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau daga cikin gidanmu ya fito. Na nemi izinin mai labarin kafin in rubuta, ta amince bisa sharaɗin kada in kama sunanta. Ɗiyar Yayata ce, ni kawunta ne, shekarunta 24, kuma a nan Dutse aka haife ta.

Bari in fara da faɗa muku yadda ranarta take, domin da yawanmu malamai muna hawa mumbari mu yi ta magana a kan "'yan matan zamani" alhali ba mu san yadda ɗaya daga cikinsu take wuni ba. Tana tashi kafin asuba. Bayan sallah ta ɗora abin kari, ta shirya ƙannenta biyu, ƙarfe bakwai da rabi tana bakin titi tana tsaron abin hawa zuwa wata makarantar kuɗi a wajajen Takur inda take koyarwa. Albashinta bai kai naira 70,000 ɗin da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota yake cinye mata kaso mai tsoka. In ta dawo da la'asar sai ta shiga kicin, ta yi cincin da kek da dubulan, ta ɗauki hotonsu ta ɗora a WhatsApp, masu so su yi magana. Da wannan take zubin adashi. Da daddare, in gida ya yi shiru, sai ta ɗauki waya. Nan ne wajen hutunta, kuma nan ne matsalar ta ɓullo.

Kakarta, wato mahaifiyata, tana yawan cewa lokacin da aka kawo su Dutse daga Garu sai ƙauyuka da gonaki da bishiyoyin dabino. An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, aka mai da Dutse hedikwata, ma'aikata suka kwararo daga Kano, unguwanni suka tashi. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, kuma a nan yarinyar ta yi digirinta. Kakar ba ta taɓa shiga aji ba, uwar ta tsaya a sakandare, jikar ta sa rigar kammala jami'a. Wannan ni'ima ce, kuma wanda duk ya ce ba ni'ima ba ce ina da ja da shi.

Don haka ban taɓa ganin laifinta ba idan ta yi murna da matakan rayuwarta. Ranar saukarta ta Alƙur'ani mun yi walima. Ranar da ta gama jami'a ni na kai su a mota. Ranar da ta dawo daga bautar ƙasa da takardarta, da ranar da ta karɓi albashin farko ta saya wa babanta yadin shadda, duk na shaida. Ayar ƙarshe ta Suratud Duha tana umarni da a ba da labarin ni'imar Ubangiji. Amma mai karatu zai tuna cewa a aya ta 5 ta Suratu Yusuf, Annabi Yaƙuba (AS) ya hana ɗansa ba wa 'yan'uwansa labarin mafarkinsa. Ayoyin nan biyu ba sa karo da juna. Ɗaya tana magana a kan godiya, ɗayar tana magana a kan wa za ka gaya wa da kuma yaushe. Abin da waya ta yi mana shi ne ta rushe wannan tambaya ta biyu: da dannawa ɗaya, masoyi da maƙiyi da wanda bai san ki ba duk sun gani lokaci guda.

(Saɓanin malamai a kan hoton kyamara sananne ne, kuma ba shi muke karantawa yau ba. Don Allah kada a mai da wajen sharhi filin wannan muhawara.)

To, bayan ƙaramar Sallah aka kawo kuɗin aurenta, aka sa rana bayan babbar Sallah. Yaron mutumin kirki ne, ma'aikaci, ya kama hayar ɗaki biyu da falo a Danmasara. Ana nan sai Yayata ta kira ni wata Asabar, muryarta ba daɗi. Ta ce, "Malam, ka zo ka yi wa 'yarka magana. Babanta yana neman mai sayen gonarsa ta Kiyawa."

Gonar nan gado ce, kuma ita ce take ciyar da gidan tun da mutumin ya yi ritaya. Gero da dawa da wake na shekara daga nan suke fitowa.

Na je bayan isha'i. Na same ta a tsakar gida, na ce, "'Yata, me kike so a saya miki da har sai an sayar da gona?" Ba ta yi musu ba. Ta miƙo mini wayar, ta buɗe wani ma'aji da ta sa wa suna "Gidana". Wallahi na daɗe ina turawa da yatsa ban kai ƙarshe ba. Falo mai fararen kujeru, labule daga sama har ƙasa, kicin mai kwabobi a jikin bango, gado mai fitilu, amarya cikin kaya kala bakwai na wuni bakwai, zauren dina da furanni. Wasu hotunan na Abuja ne, wasu na Dubai, wasu na Turkiyya. Ta ce shekara huɗu tana tara su. Ta ce, "Kawu, ni ban ce a sayar da gona ba. Na nuna wa Umma ne kawai, ita ta nuna wa Abba." Sai ta ƙara da maganar da ta tsaya mini a rai: "Ƙawayena duk haka aka yi musu. In aka zo jere aka ɗauki hoto, me za a ce?"

Ku lura da kyau. Ba ta ce in na zauna a ɗakin zan ji daɗi ba. Cewa ta yi in aka ɗauki hoto. Ɗakin an tsara shi ne don idon waɗanda ba za su taɓa kwana a cikinsa ba.

A nan nake so mu ɗan zauna a kan wani hadisi, domin shi ne ƙashin bayan darasin. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar (RA) cewa wata mata ta tambayi Manzon Allah (SAW): tana da kishiya, shin akwai laifi idan ta nuna cewa mijinta ya ba ta abin da bai ba ta ba? Sai ya kamanta mai yin haka da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Kalmar da aka yi amfani da ita a Larabci ita ce mutashabbi'i, daga shiba'u, wato ƙoshi. Masu nazarin sarfu sun san cewa wannan awo na tafa''ul yana yawan nuna ƙaƙaro abu da ɗora wa kai. Ma'ana mutum yana jin yunwa amma yana shafa ciki yana gyatsa don a ce ya ƙoshi. Bahaushe ya san wannan hali sarai, shi ya sa yake da kalmar ƙarya ba don magana kawai ba, har don rayuwa: a ce wane ɗan ƙarya ne, ko da bai buɗe baki ba.

Me ya sa tufafi biyu, ba ɗaya ba? Masu sharhi sun kawo bayanai. Wasu suka ce saboda ƙarya biyu ya yi: ya yi wa kansa cewa ya samu, ya yi wa wani cewa ya bayar. Wasu suka ce a cikin Larabawa idan ana son mai shaidar zur ya karɓu, sai a ara masa tufafi biyu masu kyau ya sa, a gan shi da kamala a gaskata shi. Wasu kuma suka ce tufafi biyu su ne mayafi da gyauto, wato ƙaryar ta rufe shi daga sama har ƙasa. Duk wanda ka ɗauka a cikin ukun nan, za ka gan shi a wayarka yau. Mota ta haya a ce ta ango ce. Akwatunan lefe a cika ƙasansu da aro, a ɗauki bidiyo, bayan kwana biyu a mayar. Kuma abin lura, matar da ta yi tambayar don ta ƙona ran mutum ɗaya take so ta yi, kishiyarta. Yanzu hoto ɗaya yana ƙona ran 'yan mata ɗari, kowace ta koma gida ta dubi babanta da wani ido.

Amma kada wani ya ɗauki wannan ya ce aro haramun ne, ko kwalliyar amarya bidi'a ce. A'a. Imamul Bukhari ya ƙulla babi guda a kan aron kaya don amarya, ya kawo cewa Nana A'isha (RA) tana da wata riga da kuɗinta bai wuce dirhami biyar ba, kuma a zamanin Annabi (SAW) duk macen da za a yi wa kwalliyar aure a Madina sai an aiko aron wannan riga. Riga ɗaya, amaren gari guda. Kowa ya san ta A'isha ce, ba wadda ta ce tata ce, ba wadda ta ji kunya. Asma'u 'yar Yazid (RA) ita ta yi wa Nana A'isha kwalliya ranar tarewarta, Ummu Sulaim (RA) ita ta shirya Nana Safiyya. Ashe mai kwalliyar amare sana'a ce mai asali. Kuma a Sahihu Muslim, da wani ya ce yana son tufafinsa da takalminsa su yi kyau, Annabi (SAW) bai hana shi ba, ya nuna masa cewa Allah yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Abin da ya raba rigar A'isha da tufafin zur shi ne me ake so mai kallo ya ɗauka.

Na tambaye ta, "A cikin ƙawayen naki, kin san yadda aka biya kuɗin kayan?" Ta yi shiru, sannan ta ce ɗaya babanta ya ci bashin banki a kan albashinsa, ɗaya kuma an mayar da kujerun wajen mai shago bayan wata biyu saboda ba a cika kuɗi ba. Na ce, "An ɗora hoton ranar da aka zo kwashe su?" Ta yi dariya duk da hawaye a idonta.

Akwai wani abu kuma da ya kamata iyaye su fahimta game da yadda waɗannan manhajoji suke aiki. Ba a jere suke nuna maka abu ba kamar jarida. Suna auna inda idonka ya daɗe. Ka tsaya a kan hoton falo na daƙiƙa goma, gobe a kawo maka falo ashirin, kowane ya fi na jiya tsada, domin kuɗin kamfanin yana fitowa ne daga talla, talla kuwa tana buƙatar ka daɗe kana kallo. Instagram ya fito a 2010, Facebook ya saye shi a 2012 a kan dala biliyan ɗaya. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida, ta kuma ba da shaida a gaban majalisar dattawan Amurka. A cikin takardun akwai binciken kamfanin da kansa, inda kusan ɗaya cikin uku na 'yan mata matasa suka ce idan suna jin ba su gamsu da surar jikinsu ba, manhajar tana ƙara musu wannan damuwa. Faransa kuwa tun 2017 ta wajabta a rubuta a jikin hoton talla idan an gyara surar jikin mai tallar da kwamfuta. Waɗanda suka ƙera abin ke nan suna sa masa linzami, mu kuma mun miƙa wa 'yar shekara 14 mun tafi masallaci.

Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira (RA) ya ba da magani: idan mutum ya dubi wanda aka fifita a kansa a dukiya da halitta, to ya dubi wanda yake ƙasa da shi. Ku lura an ambaci halitta, ba dukiya kaɗai ba. Aya ta 131 a Suratu Ɗaha ma tana hani ga miƙa ido zuwa ga ƙawar da aka jiyar da wasu. A da, mace za ta ga wadda ta fi ta a gidan biki, sau ɗaya a wata, ta dawo ta ga maƙwabciyarta da ba ta kai ta ba, zuciya ta daidaita. Manhaja ba ta nuna miki na ƙasa da ke, domin ba wanda yake ɗora hoton tukunyar da ba a ɗora ba. Sama kawai take ɗaga miki kai, har wuya ya ƙage. Daga nan ne man bilicin yake samun kasuwa. A watan Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen canza launin fata a matsayin lamarin gaggawa na lafiya a ƙasar nan, saboda sinadaran da ke cikin wasu mayukan suna lalata fata, wasu har ƙoda. Yarinya tana gasa da fuskar da ita mai fuskar ma ba haka take ba, manhaja ce ta goge ta.

Mu maza kada mu gyara zama mu ce wannan karatun mata ne. Wa yake bin shafukan nan yana zuba yabo? Wa yake aiko wa budurwarsa hoton wata ya ce haka nake so ki yi? Na san saurayin da ya fasa aure a garin nan don an ce ba za a yi dina ba, wai abokansa za su raina shi. Kuma dangin ango mata da suke zuwa ganin ɗaki suna buɗe kwaba suna ƙirga tukwane, da izinin wa suke zuwa? Al'adarmu ta ɗora kayan ɗaki a kan uban amarya, alhali a shari'a tanadin wurin zama da abin buƙatarsa yana kan miji ne. Abin da uba ya yi kyautatawa ce. Kayan da aka kai Nana Faɗima (RA) da su, kamar yadda ya zo a ruwayar Nasa'i da Ibnu Majah, mayafi ne mai gashi-gashi, da salkar ruwa, da matashi da aka cusa wa ciyawar izkhir. Walimar Nana Safiyya, a kan hanyar dawowa daga Khaibara a shekara ta 7 bayan hijira, dabino ne da cuku da man shanu aka cakuɗa. Mu da dabino yake a bayan gidanmu, ga kasuwar Shuwarin nan kusa.

Yanzu ga inda ni ma na koyi darasi. Da nake mayar mata da wayar, yatsana ya taɓa wani ma'ajin daban. Hotuna ne da ita ta ɗauka da hannunta. Duwatsun Garu da yamma, rana tana faɗuwa a bayansu. Dabino ya nuna a kan bishiya. Hannun kakarta da lalle yana tsince wake a faifai. Jeren tsofaffin tasoshi da kwanonin sha na ɗakin kakar, waɗanda aka yi mata jere da su tun aurenta. Hadari ya haɗo a kan hanyar Kiyawa. Ban san lokacin da na ce ma sha Allah ba. Na ce, "Me ya sa ba ki taɓa nuna mana waɗannan ba?" Ta ce, "Kawu, wa zai kalli wannan?"

Na tuna lokacin da muke karatu a Alƙahira, yadda ɗalibai daga ƙasashe suke tsayawa suna ɗaukar hoton tagogin katako da ƙofofin tsofaffin masallatai, 'yan unguwar kuwa suna wucewa ko kallo ba sa yi. A nan Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin duwatsu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda Bature Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Mutanen da suka zana su abin da ke gabansu suka zana, dukiyarsu da suke kiwo. Yarinyar nan Allah ya ba ta ido mai gane kyau, sai dai an koya mata cewa kyau yana Dubai, abin da ke tsakar gidansu kuwa talauci ne. Mu da muke wa'azi mun iya cewa ki runtse ido, kuma gaskiya ne. Amma Alƙur'ani ya cika da umarnin a duba: a dubi raƙumi, a dubi sama, a dubi duwatsu, a dubi ƙasa, kamar yadda yake a Suratul Gashiya. Ba mu cika koya wa 'ya'yanmu wannan dubawar ba.

Abin da muka yi a daren mai sauƙi ne. Na kira babanta da Yayata muka zauna mu huɗu. Na ce ta ɗauko takarda ta raba gida uku: abin da ba za a iya zama a ɗaki ba sai da shi, abin da za a iya saya a hankali bayan an tare, da abin da hoto kawai yake buƙata. Ita ta cika da hannunta, ban sa mata baki ba. Gado da katifa, tukwane, risho, kujeru saiti ɗaya na kafintan gari suka shiga gidan farko. Firij ya shiga na biyu, ta ce da adashinta za ta saya. Kaya kala bakwai suka koma uku. Da aka zo kan dina ta daɗe riƙe da biro. Babanta bai ce komai ba, kansa a ƙasa. Can ta rubuta ta a gida na uku, ta tashi ta shiga ɗaki. Mun ji kukanta. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma jikina ya yi sanyi, domin burin shekara huɗu ba a goge shi da hadisi ɗaya a dare ɗaya, kuma duk malamin da ya ce muku ana yi bai taɓa zama da 'yarsa ba.

Washegari na kira angon na gaya masa yadda aka yi. Ya ce shi dama tsoron faɗa yake yi, kada a ce ya gaza. Ya ɗauki nauyin labule da kafet, kuma ya yi alkawarin zai yi wa 'yan'uwansa mata magana kafin ranar ganin ɗaki.

Gonar Kiyawa tana nan, an yi shuka da ruwan farko. An ɗaura aure, an yi kamu da walima a gida, mata suka yi wuninsu. Har yanzu akwai abin da ba mu daidaita ba ni da ita: ta ɗora hotunan bikin a inda kowa zai gani, ni kuwa na so a ce 'yan'uwa kawai ta tura wa, kuma na gaya mata dalilina, har da abin da ya tabbata a hadisi cewa kambun baka gaskiya ne. Ta ce ta ji, za ta duba. Makon jiya na kai musu ziyara Danmasara. A bangon falon, sama da kujerun kafinta, ta sa an wanke hoton duwatsun Garu an sa masa gilashi. A kan kwaba kuma ga tasoshin kakarta guda uku, ta roƙo su, ta goge su da toka suna ƙyalli. Kakar ta ce aro ta ba ta.

Mako mai zuwa in sha Allah za mu karanta babin aron kaya don amarya daga Sahihul Bukhari bayan sallar magariba. Iyaye mata da ke da dama su halarta, an tanadi wajensu.